Wa Ke Riƙe Da Makullin Fili?

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Mai sauri ya wuce abinsa, mai shayi a hannu ya gyara zama.

Makon jiya aka kira ni sulhu gidan Yayata a nan Haɗejiya. 'Yarta ta fari ta samu gurbin karatu, kuma kwas ɗin da aka ba ta shi ne ilimin motsa jiki da lafiya, wato abin da muka taso muna ce wa PHE. Ita da kanta ta nema, ba tura ta aka yi ba. Yaya ta ce sam. Ina shiga ko ruwa ban sha ba ta fara: "Auta, ka gaya wa 'yarka gaskiya. Duk karatun duniyar nan ta rasa wanda za ta yi sai na tsalle-tsalle? Me zan ce wa dangin ubanta?" Yarinyar tana gefe kanta a ƙasa. Da na tambaye ta, sai ta ce, "Kawu, ni fa ba ƙwallo zan buga ba. So nake in zama wadda ke shirya gasar. Wadda takardu da kuɗin tafiya ke hannunta."

Wallahi amsar nan ta tsaya mini a rai. Na dawo gida ina ta juya ta, har ta kai ni ga wani abu da na daɗe ina gani ban taɓa haɗa shi wuri ɗaya ba.

Kullum ana cewa mu 'yan Arewa an bar mu a baya a harkar wasanni. A cikin fili, musamman ɓangaren mata, haka ne. Amma ku leƙa ofis ku gani. Lokacin da Najeriya ta je gasar cin kofin duniya a Faransa a 1998, Kanar Abdulmumini Aminu ne shugaban hukumar ƙwallon ƙafa, Sani Toro na Bauchi kuma sakatare. Ibrahim Galadima na Kano ya riƙe kujerar daga 2002 zuwa 2006, Sani Lulu ya karɓa har 2010, Aminu Maigari ya ɗora har 2014. Bayan shekara takwas ɗin Amaju Pinnick, a watan Satumba na 2022 aka zaɓi Ibrahim Musa Gusau. Dakta Mohammed Sanusi yana kujerar babban sakatare tun 2015. Da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a watan Oktoba na 2024 ya dawo da hukumar wasanni ta ƙasa, Shehu Dikko ya ba. Ƙwallon kwando kuma Musa Kida. Mu 'yan Jigawa ma muna da namu, kuma ba ƙarami ba: Injiniya Habu Gumel, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon raga ta ƙasa, ya daɗe yana jagorantar kwamitin Olamfik na Najeriya, ya kuma shiga kwamitin Olamfik na duniya a 2009. Gumel ɗin nan tamu da ke nan kusa.

Kun ga ke nan idan ana maganar kujera, da biro, da sa hannu a kan kuɗi, Arewa ba baƙuwa ba ce. Kusan ma sana'armu ce. To ku sake karanta sunayen nan tun daga farko. Akwai Hajiya a ciki?

Wani zai ce ai al'adarmu ce, mace ba ta shiga harkar wasa. Nan ne nake so mu ɗan koma baya, domin ina ganin mun manta yadda garuruwanmu suke kafin zuwan filin wasa mai katanga da ƙofar ƙarfe.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan fadamar nan, daga Auyo zuwa Kirikasamma zuwa Guri, ko ya ji daga bakin kakarsa, ya san cewa wasa yana da lokacinsa. Sai ruwa ya ja baya, an yi girbi, rumbu ya cika, sannan kiɗa ke tashi. Lokacin ne ake kokawa, ake dambe, Fulani su yi sharo, masunta su yi nasu bikin. Kuma dandali ba kara zube yake ba. Samari suna da sarkinsu, 'yan mata ma suna da shugabarsu, wadda a wasu garuruwan ƙasar Hausa ake kira Mama. Ita ce ke tara 'yan mata, ita ke sanin wadda ta fito da wadda ba ta fito ba, ita ke karɓar kuɗin da aka tara don makaɗa, ita ke raba faɗa idan gaɗa ta rikiɗe ta koma habaici. Idan za a je kalankuwa wani gari, da ita ake shirya tafiya, kuma idan 'yar wani ta yi dare ita za a fara tambaya. Ku ɗauke sunan "Mama" ku sa "manajan ƙungiya", ku gaya mini abin da ya rage. Zabiya kuwa, wadda muryarta ke sa ɗan kokawa ya ji kamar ya ɗaga duniya, ita ce sashen talla da yaɗa labarai na wancan zamani.

Idan kuma ana son misali mai nauyi, ga Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. An fi tuna ta da waƙoƙi da ilimi, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa a matsayin alamar muƙami, su kuma su riƙa jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma. Ku yi tunanin abin da ke cikin wannan: zaɓen shugabanni, tsara tafiya, tsaron hanya, masauki, abinci, da amincewar mazajen da aka bari a gida. Matsalar da ta warware ita ce dai matsalar da ke hana 'yan matanmu zuwa gasa a yau, wato wa za a damƙa wa amanar 'ya mace idan za ta bar gari. Amsarta ita ce a damƙa ta ga mace wadda gari ya yarda da ita.

To ina aka rabu? A ganina an rabu ne lokacin da wasa ya tashi daga dandali ya koma makaranta, daga makaranta ya koma ofishin gwamnati. Turawa sun kawo wasanninsu ta makarantun maza. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, aka koya wa 'ya'yan manya kurket da ƙwallon bango, wasan nan da Sardauna ya shahara da shi har ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda suka fito daga irin waɗannan makarantu su ne suka zama ma'aikatan En'e, su suka zama manyan ma'aikatan gwamnatin Arewa, su kuma suka zauna a kwamitocin wasanni. Makarantun 'yan mata sun zo a makare, kuma da suka zo an fi ba da ƙarfi ga ɗinki da girki da tsabtar gida. Sabon tsarin ya zo da sakatare da ma'aji da takardar rajista, amma bai zo da kujerar Mama ba. Ba wanda ya kore ta. Taron ne kawai aka mayar wurin da ba a gayyace ta ba.

Kuma kada a ɗauka Turawan da suka kawo tsarin sun fi mu a wannan fage a lokacin. A Ingila, ranar 26 ga Disamba 1920, mutum wajen 53,000 suka cika filin Goodison Park da ke Liverpool don kallon ƙwallon mata. Shekara ɗaya bayan haka, a Disamba 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta zauna ta hana mata buga wasa a filayen ƙungiyoyinta. Hanin nan ya kai shekara hamsin. 'Yan wasa suna nan, 'yan kallo suna nan, amma makullin fili yana aljihun wasu mutane da suka yi taro a ɗaki, kuma babu mace ko ɗaya a ɗakin. Wannan labarin shi ya sa amsar 'yar Yayata ta kama ni. Yarinyar ta gane inda ƙarfin yake.

A Najeriya, ƙwallon mata ta tsaya da ƙafarta ne saboda wasu mata sun sa kuɗinsu da sunansu. A Legas akwai Gimbiya Bola Jegede mai ƙungiyar Jegede Babes. A Ibadan akwai Ayo Omidiran mai Omidiran Babes, wadda ta yi karatun jami'arta a nan Zariya, ta zauna a hukumar ƙwallon ƙasa, ta shiga kwamitin mata na FIFA, daga baya ta je majalisar wakilai daga jihar Osun. Aisha Falode ta fara ne da aikin jarida a talabijin, a 2017 aka ba ta shugabancin gasar ƙwallon mata ta ƙasa. Sunayen da kunnenmu ya fi sabawa da su sun fi fitowa ta ɓangaren usur: Hajiya Jamila Buhari, wadda ta yi alƙalancin wasa da bajon FIFA kafin ta zauna a hukumar ƙwallon ƙasa, da Hadiza Musa, wadda ta hura usur har a wasannin gasar maza. Duk wanda ya taɓa ganin yadda 'yan kallonmu ke yi wa alƙalin wasa idan an ci su a gida ya san wannan ba aikin mai raunin zuciya ba ne.

Ga wani abin lura da nake yawan faɗa wa abokaina. Jihar Jigawa da Super Falcons sa'o'in juna ne. An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, a watan Nuwamba na shekarar kuma Falcons suka wakilci Afirka a gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin. A watan Yuli na 2025 suka ɗauki kofin Afirka karo na goma, bayan sun taso daga baya sun doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat. A tsawon shekarun nan mu a nan muhawara muke ta yi kan ko ya dace ko bai dace ba. A shekarar 2000, da aka fara aiki da shari'a, an ba da labarin Zamfara ta hana ƙwallon mata, kuma ko a jihohin da ba a fito an hana ba, abin ya yi sanyi. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Abin da na sani shi ne damuwar iyaye ta tsaya ne a kan abu uku: sutura, cuɗanya da maza, da tafiya. Ta sutura an rage ta tun 2014 da masu tsara dokokin ƙwallo suka amince da ɗaura ɗankwali a fili, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta. Sauran biyun kuwa ba dokar ƙwallo ce za ta warware su ba. Sai an duba su wa ke horarwa, su wa ke rakiya, su wa ke riƙe da makullin ɗakin kwana.

Kuma tsoron iyaye ba shirme ba ne, kada wani ɗan boko ya raina shi. A 2021 aka fallasa yadda aka daɗe ana cin zarafin 'yan mata a ƙungiyar ƙwallon kwando ta matasa a Mali, ƙasar Musulmi irin tamu, har aka kama mai horar da su. Yaran sun daɗe suna kuka ba su da wanda za su kai wa ƙara, domin duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa abokin wanda suke ƙara ne a bayanta. Uwar da ta ji wannan ta ce 'yarta ba za ta je ba, ni ba zan ga laifinta ba. Sai dai idan muka hana 'ya'yanmu mata karatun da zai sa su zama masu horarwa da masu rakiya da shugabanni, to mun tabbatar ke nan cewa duk yarinyar da ta shiga wasa, ko na makaranta ne, a hannun maza zalla za ta kasance.

Sannan ga maganar haƙƙi. Falcons sun ci kofin Afirka a 2004 suka ƙi barin otal a Afirka ta Kudu sai an biya su. A 2016 sun ci a Kamaru ƙarƙashin Florence Omagbemi, suka dawo suka zauna a otal a Abuja, har suka yi tattaki zuwa majalisar tarayya da kwalaye a hannu. An maimaita a Faransa a 2019, an maimaita a Maroko a 2022. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na D'Tigress. Sun samu gurbin gasar duniya ta 2022 da guminsu, sai rigimar shugabanci ta ɓarke a hukumar ƙwallon kwando, gwamnati ta ce ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu. Kafin a janye maganar bayan 'yan makonni, an riga an ba Mali gurbin. Manya suna faɗa kan kujera, yara suka rasa gasar duniya. Waɗannan yaran ne dai a 2024, ƙarƙashin Rena Wakama, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwando na Olamfik.

Ban ce da mata ne a kujerun da ba a ci haƙƙin kowa ba. Mace ma tana iya cin amana, kujera ba ta san jinsi ba. Abin da nake cewa shi ne ɗakin da kowa a cikinsa abokin kowa ne, shi ya fi saurin mantawa da wanda ba ya ciki.

Yanzu bari in kawo wadda na ba Yaya labarinta, don ita ce ta sa ta yi shiru. Fatma Samoura 'yar Senegal ce, Musulma. Ba ta yi suna a fili ba. A 1995 ta shiga hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin jami'ar jigilar kaya, wato mai lissafin yadda buhu zai tashi daga tashar jirgin ruwa ya isa hannun mai jin yunwa. Ta yi aiki a Jibuti, da Kamaru, da Chadi, da Madagaska. A farkon 2016 tana Abuja a matsayin wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fama da matsalar 'yan gudun hijirar Arewa maso Gabas, sai a watan Mayu FIFA ta naɗa ta babbar sakatariya. Mace ta farko, kuma 'yar Afirka ta farko, a kujerar. Ta riƙe har ƙarshen 2023. Abin da aka saya a wurinta shi ne iya lissafi da iya tafiyar da mutane. Kafin ita Lydia Nsekera ta shugabanci hukumar ƙwallon Burundi daga 2004, Isha Johansen ta riƙe ta Saliyo daga 2013 zuwa 2021, a 2025 kuma Kirsty Coventry ta Zimbabwe ta zama shugabar kwamitin Olamfik na duniya baki ɗaya.

Na ce wa Yaya, irin wannan iyawar ai a gidanki take. Uwar adashin unguwarku tana riƙe da kuɗin mata talatin ba takarda, ba ta taɓa ɓatar da zubi ɗaya ba. Matan Auyo masu turara shinkafa sun san farashin buhu a Gujungu kafin mazansu su sani. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, aka kwashe mutane zuwa makarantu, wa ke sanin gidan da bai samu abinci ba da mai cikin da ta kusa haihuwa?

Kuma ni na ga manajar wasanni da idona tun kafin in san akwai sunan aikin. Shekarun baya na koyar a wata makarantar 'yan mata ta kwana a masarautar nan. Akwai malamar wasanni, mace mai tsawo mai ƙaramar murya. Gasar gidaje, wadda muke ce wa intahawus, ita kaɗai ke ɗaukar ta a ka: ta auna fili da igiya, ta sa a zuba toka a yi layi, ta bi 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya ta roƙo kofi da sabulu da atamfa na kyauta, ta rubuta wa hakimi takardar gayyata, ta nemo ma'aikaciyar jinya ta zauna a gefe. Wata shekara yaranta suka ci gurbin zuwa gasa a wani gari. Sai da ta bi gida goma sha biyu da ƙafarta tana neman izinin iyaye, kowane uba kuma maganarsa ɗaya: "Malama, don ke ce." Kuɗin tafiyar da aka yi alkawari daga ofis bai fito ba har ranar tashi. Ta sayar da tunkiyarta ta cika kuɗin mota, ta dafa dambu a gida aka tafi da shi a kula. Suka dawo da kofin gudun ba-ni-in-ba-ka. A wurin taron karɓar kofin, maza huɗu ne suka yi jawabi, ita tana can baya tana ƙirga yara kada a bar wata. Kuɗin tunkiyar har na bar makarantar ba a biya ta ba.

"Don ke ce." Wannan kalmar ita ce jarin da babu namijin da zai iya kawo shi, komai takardunsa.

Kuma ƙofa tana buɗewa ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Tun gyaran da FIFA ta yi a 2016, dole kowace nahiya ta tura aƙalla mace ɗaya majalisar hukumar. Hukumar ƙwallon Afirka ta fara gasar zakarun ƙungiyoyin mata a 2021, ta kuma sa sharaɗin cewa ƙungiyar maza da ke son shiga gasanninta sai tana da ɓangaren mata. Wato duk ranar da Allah Ya ɗaga Jigawa Golden Stars, wadda muka sha kallo a filin wasa na Haɗejiya kuma ta faɗo daga babbar gasa a 2021, har ta kai ga leƙa Afirka, sai an nemo ƙungiyar mata. Ƙungiyar nan tana buƙatar sakatariya, da mai kula da walwala, da mai duba lafiya, da mai horarwa. Idan ba mu da su a gida, za a ɗauko daga wani wuri a biya su da kuɗin jiharmu, mu kuma mu zauna a majalisa muna cewa an mayar da mu saniyar ware. Ko ba a je nan ba ma, makarantun 'yan mata nawa ne a ƙananan hukumomi takwas na masarautar nan, kuma nawa ne a ciki namiji ke fitar da yara motsa jiki don babu malama? Karatun kuma ba nisa: ana yin sa a Jami'ar Bayero, ana yi a Zariya, ga kuma cibiyar horar da harkar wasanni ta ƙasa a Legas ga mai son ƙwarewa a ɓangaren gudanarwa.

Da na gama duk wannan dogon bayani, Yaya ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Ita malamar taku, da aurenta?" Na ce da aurenta, da 'ya'ya biyar, ta kuma sauke farali. Ta ce, "To ita wannan ta Senegal ɗin, albashinta ya kai na likita?" Na ce ya wuce. Ta harare ni, ta ce ban da ƙarya a gidanta.

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce in je in yi wa baffan yarinyar bayani da bakina, tunda ni ne mai tarihi, kuma idan an tashi rajista ni zan biya kuɗin mota. Baffan yana Malam Madori. Gobe bayan La'asar zan je, kuma an ce mini ya fi Yaya tauri.